Uwar amarya, halawa da man retinol: kira ga mata 'yan uwana

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni mai gyaran jiki ce a nan Birnin Kebbi, dilka da halawa da turaren jiki, shekara 14 kenan ina wannan sana'a, kuma abin da ya sa na ɗauko waya na rubuto maku wani abu ne da ya faru a ɗakina cikin hunturun da ya wuce wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wata Hajiya ce uwar amarya, ta ba hamsin baya, ta kawo ɗiyarta gyara saura kwana goma biki, sai ta ce ita ma a ɗan yi mata halawa a saman leɓe da gefen kumatu tunda za a sha hotuna. Na ɗora halawa yadda na saba yi wa kowa, ina ja wallahi Edita sai ga fatar sama ta biyo halawar, wurin ya yi jawur kamar ƙunar ruwan zafi yana tsattsafo da ruwa. Na rikice har ita Hajiyar ce ta koma ba ni haƙuri. Da hankalina ya dawo na ce Hajiya don Allah mi kike shafawa a fuska? Ta ce wani mai ne na gyaran tsufa da ta saya wurin wata mai haɗa mayuka a WhatsApp, wai retinol. Washegari ta aiko min da shi, 'yar roba ce fara ba kwali ba lambar NAFDAC ba ranar lalacewa, an dai rubuta "mai ƙarfi" da biro a murfi, kuma sati uku tana shafa shi safe da dare. Ciwon ya warke amma ya bar baƙin tabo, haka anka yi biki tana rufe shi da hoda, sai bayan wata huɗu ya fara dusashewa.

Daga ranar na sa kaina neman sani, na zauna da ɗan yayata da ya karanci harhaɗa magunguna na yi ta yi mai tambayoyi, na yi karatu iya gwargwado. Kuma abin da na gano shi ne retinol ɗin kansa ba mugun abu ba ne, yana cikin 'yan abubuwan da likitocin fata sunka yarda suna rage tamoji da gaske. Wani nau'i ne na bitamin A. In an shafa shi fata ce ke juya shi mataki biyu har ya zama sinadarin da ke aikin, shi ne ke sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri, yana kuma taimaka mata wajen yin kolajin, wato abin da ke riƙe fata ta tsaya da kyau. Wancan sinadarin na ƙarshe shi ne ake sayarwa da sunan tretinoin, a Amurka anka fara amincewa da shi a 1971 don ƙurajen fuska, daga baya anka lura masu shafa shi tamojinsu na raguwa, a 1995 anka amince da shi don wannan ma. Shi tretinoin magani ne sosai, likita ya kamata ya rubuta shi, amma a nan sai ki shiga kemis a miƙo maki kamar basilin.

To ga inda matsalar take gare mu da munka fara manyanta. Mace in al'ada ta ɗauke mata fatarta na rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin a shekara biyar na farko, maiƙon fata ya ragu, ta yi sirara ta bushe. Wato lokacin da kike ganin kin fi buƙatar man shi ne kuma lokacin da fatarki ta fi saurin jin ciwo. Sannan mu baƙaƙen fata muna da wani abu, duk inda fata ta ƙone ko ta kumbura to in ta tashi warkewa baƙi take bari. Sai ki ga mace ta sayi mai don ta cire tabo ɗaya ta tashi da tabo goma, ta ce ai man bai da ƙarfi ne ta nemi wanda ya fi shi, haka ake ta yi har fuska ta lalace.

Don haka ni abin da nake gaya wa duk wadda ta zauna kan tabarmata yanzu, in za ki saya ki nemi mafi rauni. Ki duba jikin kwali ki ga an rubuta adadin da ke ciki, 0.1 ko 0.2, in ya yi yawa 0.3 cikin 100. Ko ƙasashen Tarayyar Turai a 2024 doka sunka yi cewa man fuska kada ya wuce 0.3, na jiki kuma kada ya wuce 0.05, to su da ba su da ranar watan Afrilu irin tamu mai wuce digiri 40 sun tsaya nan, mu ina za mu da mai ƙarfi? In fatarki irin mai saurin ƙaiƙayi ce da ko sabulu kika canza sai ta yi bori, akwai wanda za ki ga an rubuta retinyl palmitate, ya fi kowanne sanyi, aikinsa a hankali yake amma da wuya ya ƙona ki. Wanda anka rubuta retinal kuma, da harafin a, ya fi retinol ƙarfi, kar kamannin sunan su ruɗe ki. Ki zaɓi kirim mai ɗan kauri da ke da glycerin ko ceramide ko niacinamide a ciki, ya fi mai ruwa-ruwan nan dacewa da busasshiyar fata. Kuma na san mu da son ƙamshi, ni kaina turare nake sayarwa, amma man fuska ki nemi marar ƙamshi, turaren da ake zubawa ciki na daga cikin abubuwan da sunka fi tada wa fata hankali.

Mazubin ma abin dubawa ne. Haske da iska da zafi suna kashe retinol, shi ya sa na kirki ke zuwa cikin tub da ake matsawa ko kwalba mai duhu mai famfo. Wanda ke cikin buɗaɗɗiyar roba ana sa yatsa, ko wanda anka jera kan tebur a bakin kasuwa rana na dukansa tun safe, ko da asalinsa mai kyau ne ya riga ya mutu. In kin kai gida ki sa shi cikin durowa, ba kan taga ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne haɗin nan da ake kira retinol alhali man bilicin ne. Akwai wasu tub da ke ɗauke da abu uku, tretinoin da hydroquinone mai hasken fata da wani sitiroyid, wato maganin kumburi da ƙaiƙayin fata, irin su mometasone, asali likitoci ke ba da irin wannan haɗin don baƙin kumatu na ɗan lokaci ƙalilan kuma suna bibiya. Masu haɗa mai sai su matse shi cikin roba su ƙara wani sitiroyid mai ƙarfi, clobetasol, su juya. Sati biyu za ki ga fuska ta yi haske ta yi sumul ki ce kin dace, wata shida kuma fata ta zama kamar ledar biredi jijiyoyi sun fito, gashi ya tsiro a kumatu, in kin daina ƙuraje su feso. Irin wannan fatar ina gane ta tun daga bakin ƙofa, kuma ba na yarda in sa mata ko dilka. NAFDAC a 2023 ta ce matsalar man bilicin ta kai matakin gaggawa a ƙasar nan, to alama guda da kowa zai iya riƙewa ita ce retinol na gaskiya ba ya mai da mace fara kuma ba ya aiki a sati biyu. Sai an yi kamar wata uku ake fara ganin canji, tamoji kuwa sai wata shida zuwa sama.

Ni ma ina shafawa yanzu, shekarata 46, kuma wata takwas kenan. Na ƙi farawa cikin hunturu don lokacin ko ba komai fuska tsagewa take, na bari sai da damina ta sauka iska ta yi laushi. Bayan sallar isha'i nake yi tunda na gama alwalar ranar, in wanke fuska da sabulu marar zafi in bari ta bushe sarai kamar minti 20, don in da danshi man ya fi shiga ya fi zafi. Sai in fara sa man laushi kaɗan, in ɗebo retinol kamar ƙwayar wake ɗaya tak ga fuska duka, in kauce wa fatar ido da gefen hanci da gefen baki, in sake bi da man laushi. Man kaɗe namu na wajen Zuru da Yawuri yana yi min wannan aikin, sai dai mai yawan ƙuraje ta yi hankali da shi. Sau biyu a sati na yi wata guda cur, sannan na koma sau uku, kuma nan na tsaya har yau. Satuttukan farko na ɗan yi saɓa da bushewa, wannan ba komai, amma in kin ji raɗaɗi ko kumburi ko fuska na zafi in ruwan alwala ya taɓa ta, ki dakata sai ta huce. Abin da na gani a nawa, fatar ta yi santsi kuma ɗigon baƙin da ke goshina ya ragu, layin gefen baki yana nan sai dai ya yi laushi.

Da rana kuma dole man kare rana mai lamba 30 ko sama, ko kina gida, don tsakar gidanmu ai rana ce, shanya da girki da shara duk cikinta ake yi, hijabi kuma bai rufe kumatu. Na san yana da tsada kuma wani yana barin fari-fari a fuska, amma gaskiya in kuɗinki na abu ɗaya ne to ki sayi man kare rana ki bar retinol, shafa shi ba kariya ɓarna ce.

Mai ciki, da mai neman ciki, kada ta kusanci retinol ko kaɗan. Dangin wannan sinadari da ake sha, isotretinoin, an tabbatar yana nakasa jariri, shi ya sa likitoci sunka ce har na shafawa a bari. Mai goyo ta tambayi likita tukuna. Wannan ya shafe mu ƙwarai don a nan mace na iya kai 40 tana haihuwa, kuma yaya da ƙanwa da kishiya duk roba ɗaya ake lakata. Mai wata cutar fata da ta daɗe ita ma ta fara zuwa asibiti, ga asibitin Sir Yahaya ga asibitin koyarwa na tarayya nan cikin gari, in ta kama a tura ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) Sakkwato a tura ta.

Sai 'yan uwana masu gyaran jiki, daga Argungu har Jega har Gusau, don Allah mu riƙa tambaya kafin mu ɗora wa kowa halawa ko mu murje ta da dilka ko kurkur da lemun tsami. Ni yanzu tambayar farko kenan kafin ma a yi ciniki, kuma duk mai shafa retinol sai ta ajiye shi aƙalla sati ɗaya, mai tretinoin ko haɗin roba kuwa ba na taɓa fuskarta da halawa sam. Wasu suna ɓoyewa don kunya, sai in ce masu ba don in ji sirrinki ba ne Hajiya, fatarki nake tsoro.

Roƙona gare ku Edita, ku samo likitan fata ya yi bayanin nan da Hausa a shafinku na lafiya, don duk takardun da ke cikin kwalayen nan da Turanci suke, wasu ma da Faransanci, kuma mafi yawan masu saye a wajenmu ba mai karanta masu. Jami'an NAFDAC na jiha su ma su leƙa masu haɗa mai a gida suna tallarsa a waya, ba shagunan kasuwa kaɗai ba. Robar Hajiya tana nan wurina na ajiye, duk wanda zai iya kai ta a auna abin da ke ciki zan ba shi.

Na gode, a huta lafiya.

Wata mai gyaran jiki,
Birnin Kebbi