A ba kamfanonin ma'aikata kwangila, a bar musu shugabancinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in isar da saƙo ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu, kan wani al'amari da ya daɗe yana sosa mini rai, wato kamfanonin da ma'aikatansu ne masu su.

Na yi shekara 14 ina aikin kafinta a wata masana'antar kujeru da tebura. Da Allah ya yi wa maigidanmu rasuwa, magadansa ba su da sha'awar sana'ar, kuma ba na ganin laifinsu, kowa da abin da ya sa a gaba. Mu kusan 20 muka zauna muka ce tunda mu ne muka san kan injinan, mu ne muka san masu sayen kaya da masu kawo katako, me zai hana mu haɗa abin da muke da shi mu sayi wurin? Banki ya ce mu kawo jingina. A ofishin ƙaramar hukuma aka karɓe mu hannu bibbiyu, amma aka ce tallafin da ake da shi na mutum ɗaiɗai ne, kowa ya cike fom da sunansa. Babu takarda ko ɗaya a ofishin da ta san kamfani mai iyayen gida 20. Kafin mu gama zarya, an sayar da injinan. Ranar da aka zo kwashe su, babbanmu, wanda duk muke kira Baba, ya ɗauki tsumma ya goge injin yankan katako tas, ya zuba masa mai, sannan ya matsa gefe aka ɗora shi a mota. Bai ce wa kowa uffan ba.

Abin da muka so kafawa ba baƙon abu ba ne a duniya. Kamfani ne na gama kai inda kowane ma'aikaci ke da hannun jari da ƙuri'a ɗaya, su zaɓi manaja, su sauke shi idan ya gaza, ribar kuma a raba gwargwadon aikin da kowa ya yi bayan an ware ta ajiya. A garin Mondragon na ƙasar Sifen, wani limamin coci mai suna José María Arizmendiarrieta ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943, sai ɗalibansa biyar suka kafa kamfanin ƙera risho a 1956, suka buɗe bankinsu a 1959. Yau dubun dubatar mutane ne ke cin abinci a rukunin kamfanonin da suka tsiro daga nan. Su ma sun ɗanɗani faɗuwa. A 2013 babban kamfaninsu na kayan lantarki, Fagor, ya durƙushe, amma yawancin membobinsa aka nema musu gurbi a sauran kamfanonin rukunin, ba a watsar da su a titi ba.

To ina ƙaramar hukuma ta shigo? Ni a ganina babban abin da ke hannunta shi ne ciniki. Kowace shekara tana sayen kujerun makaranta, tana ɗinka kayan ma'aikata, tana ba da aikin shara da gyaran magudanan ruwa da fentin asibiti. Kuɗi ne da dole su fita, ko da kamfanin ma'aikata ko babu. Tambayar kawai ita ce aljihun wa za su shiga. Idan babban ɗan kwangila daga nesa ya karɓi aikin, mu ɗin nan zai ɗauka a matsayin leburori, ya biya mu na yini, ya tafi da ribar. Da a ce a wancan lokacin an ba mu takardar odar kujerun aji ko da na makarantu uku ne, da mun ɗauke ta mun kai wa banki, domin banki ya fi sakin jiki da mai ciniki a hannu.

An gwada wannan an ga amfaninsa. A birnin Cleveland na Amurka, a 2008, hukumar birnin da wata gidauniya da manyan asibitoci da jami'a suka duba suka ga maƙudan kuɗin da suke kashewa suna ficewa daga garin, alhali unguwannin da ke kewaye da su na fama da rashin aiki. Sai aka kafa kamfanonin Evergreen, aka fara da gidan wanki mallakar ma'aikata a 2009, mai wanke zannuwan gado na asibitoci da gidajen kula da tsofaffi. A garin Preston na Ingila ma majalisar gari ta zauna da manyan ma'aikatun yankin suka bi diddigin inda kuɗinsu ke zuwa, suka rarraba manyan kwangiloli ƙanana-ƙanana yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya nema. Abin da suke kashewa a cikin garin ya tashi daga kusan fam miliyan 38 zuwa sama da fam miliyan 110 cikin shekara huɗu. Ba duka ne suka tafi ga kamfanonin gama kai ba, amma ƙofa ta buɗe musu. Wanda ya fi burge ni shi ne na jihar Kerala a Indiya, inda leburori 14 suka kafa ƙungiyar Uralungal a 1925. Yau tana gina tituna da gadoji da dubban ma'aikata, gwamnatin jihar kuma tana ba ta fifiko wajen kwangila saboda ta yi suna a gama aiki kan lokaci.

Sai dai kwangilar da ba a biya a kan kari kashe kamfani take yi. Attajiri zai iya jiran wata tara kafin a biya shi. Kamfanin da jarinsa gumin mutum 20 ne, wata biyu ya isa ya rufe shi, domin masu shi su ne masu jiran albashi, kuma mai katako ba ya jira. Duk ciyaman ɗin da yake da niyya ta gaskiya, ya rubuta a dokar majalisarsa cewa za a biya irin waɗannan kamfanoni cikin kwana 30.

Akwai kuma ilimi. Mu mun iya zarto da guduma, amma babu ɗayanmu da ya taɓa rubuta kundin dokokin kamfani ko ya tsara littafin shige da ficen kuɗi. A 2014 majalisar birnin New York ta ware dala miliyan 1.2, ta ba ƙungiyoyin da ke koya wa ma'aikata yadda ake kafa irin wannan kamfani da tafiyar da shi. Ƙaramar hukumar da ba ta da wannan ƙarfi za ta iya ajiye jami'i ɗaya da akanta ɗaya waɗanda suka san aikin rajista da lissafi. Italiya ta wuce nan, tun 1985 dokar Marcora ta buɗe wa ma'aikatan kamfanin da zai rufe hanyar saye shi, har sukan karɓi kuɗin tallafin rashin aikinsu a dunƙule su zuba a matsayin jari. Wannan hurumin gwamnatin ƙasa ne, amma ciyamomi suna da bakin da za su nema.

Tsorona guda ne, Malam Edita, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da zarar an ji cewa za a fifita kamfanonin ma'aikata, za a wayi gari da ƙungiyoyin jeka-na-yi-ka, shugaban ƙanin kansila ne, membobin kuma sunaye ne a takarda. Ko kuma hukuma ta ce tunda ta taimaka, ita za ta naɗa manaja. Tanzaniya ta bi wannan hanya, gwamnati ta yi ta cusa hannu a ƙungiyoyin gama kai na manoma har ta rushe su a 1976 ta maye gurbinsu da hukumominta, da abin ya ƙi ci aka dawo da su bayan 'yan shekaru, amma amanar da manoma suka ba su ba ta dawo da sauƙi ba. Saboda haka jami'in hukuma ya je wurin aikin da ƙafarsa, ya ga cewa masu sunan a rajista su ne masu ƙurar katako a riga, ya duba littafin taro da na kuɗi sau ɗaya a shekara. Zaɓen shugaba da rabon riba kuwa a bar wa masu wurin.

Mu tara daga cikin waɗancan ma'aikata har yanzu muna riƙe da lambar wayar juna. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya ce zai zauna a bakin ƙofa ya riƙa duba aikin yara. Ranar da wata ƙaramar hukuma ta sanar da cewa odar kujerun makaranta a buɗe take ga kamfanin ma'aikata, da sassafe za ta same mu a ƙofar ofishinta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon kafinta, mai karanta ku kullum