Ba siyasar sassauci ce ta kwantar da yaranmu a kasuwa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan wata magana da ke yawo a wayoyinmu a nan Marwa, arewacin Kamaru. Wani ɗan'uwa ya turo mini bidiyon wata unguwa a birnin San Faransisko na Amurka, inda mutane ke kwance a tantuna a bakin titi, wasu sun duƙa kamar masu ruku'u saboda ƙwaya ta yi musu karo, kuma an rubuta a ƙasansa cewa wannan shi ne amfanin mulkin masu sassaucin ra'ayi, waɗanda suka sakar wa mashaya mara. Da na nuna shi a majalisarmu ta bayan la'asar, kusan kowa ya gyaɗa kai. Ni kam ban gamsu ba, saboda abin da nake gani da idona kowace safiya.

Shagona yana dab da kasuwa, kuma idan na fito daga sallar asuba nakan tarar da yara da samari kwance a kan teburan masu kayan miya, sun shimfiɗa kwali sun rufa da buhu. A hannun wasu akwai tsumman sholisho. Kafin hantsi za ka ga ɗan acaɓa ya tsaya wurin mai shayi, ya ɓare tiramol biyu ko uku ya kora da kofi, domin ya jure zafin rana har ya haɗa kuɗin mai babur. Akwai wani yaro da nakan ba aikin ɗaukar kaya, wanda ya ce mini daga wajen Kolofata ya fito bayan 'yan Boko Haram sun ƙone garinsu, kuma tun ranar bai sake kwana a ɗaki mai ƙofa ba. To, wane mai sassaucin ra'ayi ne ya kwantar da shi a teburin? A Kamaru shugaba ɗaya ke mulki tun 1982, dokar 1997 ta haramta mu'amala da miyagun ƙwayoyi, kundin hukunta laifuka ma ya tanadi horo a kan bara da gararamba. Ana samame, ana kamu, amma teburan ba su taɓa rasa masu kwana ba.

Ko a can Amurkar ma, masu wannan magana sun haɗa cuta biyu, wato rashin matsuguni da shan ƙwaya, sun ba su suna ɗaya. Gaskiya ne cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na marasa matsuguni a ƙasar suna jihar Kalifoniya, wadda 'yan jam'iyyar Dimokurat masu sassaucin ra'ayi ke riƙe da ita. Sai dai jihar da ta daɗe tana kan gaba wajen yawan masu mutuwa da ƙwaya, idan aka auna da yawan jama'arta, ita ce Birjiniya ta Yamma, inda masu ra'ayin riƙau ke da rinjaye, kuma duk da haka ba a ganin tantuna a titunanta kamar na Kalifoniya, domin hayar gida a can ba ta fi ƙarfin talaka kamar ta San Faransisko ba. Ke nan mashayi a inda ɗaki ke da araha yana shan abinsa a ɓoye, a inda haya ta yi tsada kuwa sai ya koma titi inda kyamara za ta same shi. Annobar ƙwayar kanta ta samo asali ne daga magungunan kashe ciwo da likitoci suka riƙa rubutawa barkatai bayan fitowar wani daga cikinsu mai suna OxyContin a 1996, sannan fentanil, wata ƙwaya mai tsananin ƙarfi, ya shigo, har masu mutuwa suka haura 100,000 a shekarar 2022 kaɗai, ba tare da ƙwayar ta tambayi kowa jam'iyyarsa ba.

Ba wanke masu sassaucin ra'ayi nake yi ba, domin suna da nasu laifin. A 2020 jihar Oregon ta janye hukuncin laifi a kan wanda aka kama da ƙwaya 'yar kaɗan, alhali ba ta gama tanadin wuraren magani ba, kuma a 2024 ta dawo da hukuncin da kanta. Ƙasar Fotugal ta yi irin wannan sassauci tun 2001, amma ta haɗa shi da kwamitocin da ake kai mashayi gabansu da kuma hanyar samun magani, shi ya sa nata ya fi yin kyau. Haka nan biranen Kalifoniya sun shafe shekaru suna hana gina sabbin gidaje da dokoki masu sarƙaƙiya, suna kuka da halin talaka a baki kawai.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke aron gardamar wasu mu manta da tamu. Tun wajen 2014 rikici ke koro mutane daga Mayo Saba da Mayo Tsanaga, ambaliyar 2024 ta raba dubbai da gidajensu a Yagwa da kewaye, kuma zauren da a dā ake sauke baƙo a ciki yau an yanka shi an mai da shi shago. Saboda haka ina roƙon wannan jarida ta turo wakilinta ya bincika nawa ake hayar ɗaki ɗaya a unguwar Domayo a bana, ta wace hanya tiramol ke shigowa har ya kai tiren mai talla, kuma ina ne uba zai kai ɗansa da ya kamu idan ba ya son a ɗaure shi da mari. Idan ya zo, ni zan raka shi kasuwa kafin gari ya waye.

Wassalam,
Wani mai karatunku, daga Marwa, Kamaru