Amsa ga mai tambaya a kan McDavid da kofin Stanley

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A filin wasanni na rediyo ka jefo min tambaya, lokaci kuma ya ƙure kafin in amsa. Cewa ka yi: in har Connor McDavid ne gwanin gwanaye a wasan hokin ƙanƙara, me ya sa ƙungiyarsa ta Edmonton ta sha kashi a hannun Florida a zagayen ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar NHL ta Amurka da Kanada, har sau biyu a jere, 2024 da 2025?

Da idon ƙwallon ƙafa kake kallon abin, kuma ban ga laifinka ba, da ita muka tashi. A can gwani yana iya yin minti 90 cur a fili. A hoki kuwa ɗan wasa ba ya wuce daƙiƙa 40 zuwa 50 yana tsere a kan ƙanƙara sai numfashinsa ya ƙare. Za ka gan shi ya nufi benci yana haki, wani ya tsallako katangar ya maye gurbinsa, wasa bai tsaya ba. Ƙungiya takan fito da 'yan gaba 12, sahu huɗu na mutum uku-uku (gwanaye galibi a sahu na farko), da 'yan baya 6 da masu tsaron raga 2. Cikin minti 60 na wasa, McDavid yakan samu 20 da 'yan kai. Sauran kusan 40 ɗin yana zaune yana kallo kamar ni da kai.

A 2024 ya tara maki 42 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a wasannin neman kofi, har aka ba shi kyautar Conn Smythe ta gwarzon gasa duk da an doke su. Me kuma ya rage ya yi?

To dubi Florida ta 2025. A watan Maris suka ɗauko Brad Marchand, kyaftin ɗin Boston, suka ajiye shi a sahu na uku tare da Lundell da Luostarinen. Kyaftin guda a sahu na uku! Yana da shekara 37 ya ci ƙwallo 6 a zagayen ƙarshe kaɗai. Kocin da ke fuskantarsu, wane sahu zai tsare, wane zai bari? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, musamman da yake a 2025 sai ka buga wasa 82 na kaka sannan ka ci wasu 16 a wasannin neman kofi kafin ka taɓa kofin, jiki duk rauni. Vegas ma a 2023 da Adin Hill ta ɗauki kofin, mai tsaron ragar da bai shigo ba sai da Brossoit, mai tsaron ragar da suka fara wasannin neman kofi da shi, ya ji ciwo.

Za ka ce to a sayo gwanaye mana, kamar yadda manyan kulob na Turai ke yi. Ba dama. Tun 2005 gasar NHL ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya. Abin da ka ƙara wa tauraro, daga bakin na sahu na uku ka cire shi. Tampa Bay ta ci kofi a 2020 da 2021, amma a bazarar 2021 Gourde da Coleman da Goodrow, sahunta na uku kaf, suka watse.

Shi kansa McDavid ya san wannan lissafi. A Oktoban 2025 ya sabunta kwantiraginsa na shekara biyu a kan dala miliyan 12.5 a shekara, daidai abin da yake karɓa a da, alhali da ya nemi ƙari babu mai ce masa a'a.

Na gode da tambayar, a gaida gida.