Kun manta da wakilan shirin Newsline

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta maƙalarku ta ranar Asabar a kan shirin Newsline na NTA, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, domin marubucin ya cika shafi guda yana yabon mai gabatar da shirin, Frank Olize, kamar shi kaɗai ne yake saɓa kyamara, ya shiga ƙauyuka, ya tace hotuna, sannan ya dawo ya gabatar. Ba na musun gwanintarsa. Duk wanda ya saba zama gaban talabijin da ƙarfe tara na daren Lahadi yana tuna yadda yake tambayar iyaye ko sun san inda 'ya'yansu suke a wannan lokacin, kuma mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan waiwayo ya ƙirga mu idan na fassara masa tambayar. Amma mai gabatarwa ba ya gabatar da abin da ba a kawo masa ba.

Ina sunan Yinka Craig da Patrick Oke, waɗanda da su aka kafa shirin tun kafin ya yi suna? Craig ya rasu a Amurka a shekarar 2008, amma ko layi ɗaya ba ku ba shi ba. Abike Dabiri kuwa kun ambace ta ne kawai a matsayin 'yar siyasar da ta tafi Majalisar Wakilai daga Ikorodu a 2003, alhali abin da ya sa jama'a suka san ta shi ne shekara goma sha biyar da ta yi tana aiki a NTA, musamman yadda ta shafe shekara takwas tana bin diddigin labarin jaririyar nan Mary, wadda mata fiye da ɗaya suka yi iƙirarin su ne suka haife ta. Wace tasha ce a yau za ta bar ma'aikacinta ya riƙe labari guda tsawon wannan lokaci?

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wakilan jihohi, waɗanda marubucinku bai ma nuna ya san da su ba. Ina saurayi na ga irinsu da idona a kasuwar garinmu, ana tsananin zafin bazara, mutum ɗaya yana ɗauke da kyamara mai nauyi a kafaɗa, wani yana biye da shi da na'urar naɗar hoto da igiyoyinta, wakilin kuma yana ta lallashin wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta yarda ta yi magana, yana yi mata Hausa, sannan ya juya ya yi wa kyamara Turanci. Bayan wannan wahalar sai an aika kaset ɗin zuwa Legas, kuma wataƙila minti uku kacal za a nuna daga aikin yini guda. A wancan zamanin, kafin gwamnati ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a 1992, ta hannun waɗannan mutanen ne mutumin Sakkwato yake ganin yadda ake rayuwa a Kalaba, mutumin Kalaba kuma ya ga Sakkwato. Su ne suka nemo marasa lafiyan da aka nuna har masu kallo suka tara musu kuɗin magani. A rubuta tarihin shirin a bar su waje, wannan rashin adalci ne, kuma ban zaci haka daga jaridar da ita ma da wakilai take aiki ba.

Da yawa daga cikinsu suna nan da ransu, sun yi ritaya a Kaduna da Kano da Jos da sauran garuruwa. Ina roƙonku ku tura wakilinku ya same su, ya ji daga bakinsu, ku buga da sunayensu da hotunansu. Sannan don Allah ku duba girman rubutun shafin wasiƙu, domin kun ƙanƙanta shi har mu da muka manyanta ba ma iya karantawa ko da tabarau.

Naku mai karatu,
daga Zariya