Gidanmu ya rabu biyu a kan abin da Inna za ta ci

Assalamu alaikum Likita,

Ina gaishe ki da aiki, ke da abokan aikinki na shirin lafiya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Ni matar aure ce a Arkilla, nan cikin Sakkwato. Mahaifiyata ta haura shekara 60, kuma tun da aka gano tana da ciwon suga na ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Wamakko ta dawo wurina, saboda asibiti ya fi kusa. Tana shan metformin safe da dare, da wata 'yar ƙwaya glibenclamide kafin karin kumallo. Maganin ba ta wasa da shi. Abincin ne ya zame mana rigima.

Babban wanmu ya kafa doka cewa duk abin da harshe ya ji zaƙinsa, Inna ta yi bankwana da shi: ba lemu, ba gwanda, ba kankana, ko gwaiba ba ya so ya gani a ɗakinta. Gwaggonmu kuwa cewa take zaƙin da Allah ya halitta a jikin itace ba ya cutar da kowa, sukarin kanti ne mugu. Duk zuwanta da ƙullin dabino da kwalbar zuma, ta tura ƙarƙashin filon Inna. Ni da nake dafawa nake ba ta, gaba kura baya sayaki.

Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa yi mini bayani a gurguje ranar da muka je ganin likita. Ta ce ɗan itacen da aka ci ɗungurungum, da zare-zarensa da ɓawonsa na ciki, yakan daɗe kafin ya narke, sai sugansa ya riƙa shiga jini a hankali. In an matse shi aka tace, zaren ya tafi, ruwan zaƙi kawai ya rage, kuma kofi guda na iya cinye lemu uku. Ta ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma ba a cire masu suga daga ciki ba. Ta rubuta mini lambobin da zan riƙa dubawa a na'urar gwaji: 80 zuwa 130 da safe kafin a ci komai, ƙasa da 180 awa biyu bayan abinci. Layi ya yi tsawo a bayanmu, ban samu na yi mata sauran tambayoyin ba.

Na gwada a gida. Ran da Inna ta ci ƙaramin lemu guda da zarensa, ta haɗa da 'yar gyaɗa, lambar ba ta kai 180 ba. Ran da ta ci malmala biyu ta tuwon shinkafa, wanda Yaya bai taɓa hanawa ba tunda ba shi da zaƙi, sai da ta wuce 200. Haka fura, ko ba a sa mata sukari ba. Na nuna masa, ya ce na'urar ce ta lalace. A nawa ganin, dokarsa ta kama mai ƙaramin laifi ta saki babban. Amma ni ba likita ba ce, kuma ƙanwa ba ta ja da wanta a gaban uwa.

Inda na fi shiga ruɗani shi ne mangwaro. Kin san zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, rana takan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne mangwaro da kankana ke cika kowane baro a bakin titi. Inna da itacen mangwaro a bayan ɗakinta ta girma. In na yanka mata gefe guda, sai ta dube ni ta ce wannan ai tsokanar baki ce. To nawa ne daidai gare ta? Rabin guda? Guda ɗaya in ƙarami ne? Da wanda ya nuna lugub da wanda ya fara nuna, akwai bambanci kamar yadda ake faɗi game da ayaba? Kankana kuma na ji ana cewa tana saurin tayar da suga, wasu kuma su ce yawancinta ruwa ne, yanka ɗaya ba ya komai. Wanne zan ɗauka? Kuma ya fi kyau ta ci da hantsi ita kaɗai, ko a bayan abinci?

Akwai kuma maganar haƙora. Na Inna na gefe sun zube, gwaiba da karas sun fi ƙarfinta. In na markaɗa mata a blanda ban tace ba, zaren yana ciki, ana lissafa shi da wanda aka tauna ko ya koma sahun lemun kwalba?

Ganye ba mu da matsala da shi sosai. Zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, gauta da gurji duk tana ci, kuma na lura in ta fara da kwaɗon zogale kafin tuwo, ba ta iya cinye tuwon. Sai dai ta saba da kwaɗo mai ɗan sukari a cikin ƙuli-ƙuli, na daina sawa, har yanzu tana mita. Waɗanda ban gane matsayinsu ba su ne kabewa ta miyar taushe, dankalin Hausa, rogo da makani. Daga lambu suke fitowa, amma zuciyata na ba ni cewa da tuwo ya kamata a lissafa su. Haka ne? Goriba, magarya, aduwa da kanya fa, da jikokinta ke kawo mata? Ban taɓa jin an ambace su a bayanin masu suga ba, alhali su ne a hannunmu.

Tambayar da ta fi tayar mini da hankali ita ce azumi. Inna ba ta barin Litinin da Alhamis. Wata Alhamis bayan la'asar jikinta ya kama rawa, zufa ta keto mata, na gwada na ga ƙasa da 70. Da ƙyar ta yarda ta sha ruwan sukari. Shin ƙwayar safen ce ta jawo? Ya kamata mu koma a sake duba maganin kafin ta ƙara yin azumi? In kuma an yarda ta ci gaba, dabino nawa za ta yi buɗa-baki da shi?

Don Allah Likita, in za ki amsa, ki faɗi adadin ƙarara a cikin shirin, da ma'aunin da muka sani, ludayi ko kofi ko tafin hannu. Yaya yana sauraronki a shagonsa, Gwaggo ma ba ta rabuwa da rediyonta, kuma daga bakinki za su karɓi abin da ba za su karɓa daga nawa ba.

Na gode. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Mai sauraro daga Arkilla, Sakkwato