Shawara ga samarinmu da ke shiga daji kan dusar ƙanƙara a Kanada

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana da ƴan uwanmu maza ɗalibai da ke Kanada, musamman masu zuwa irin su Gatineau Park kusa da Ottawa suna yawo da faffaɗan takalmin nan na taka dusar ƙanƙara, abin na damuna wallahi ganin yadda wasu ke fita da wandon jins da singiletin auduga.

Auduga tana shan zufa ta riƙe, kana tafiya jiki ya yi zafi, da ka tsaya hutawa rigar ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka, daga nan sanyi ke shiga mutum. A fara da riga ta ulu ko foliyesta mai kama jiki, a ɗora suwaita, sannan jaket mai tare iska, in zafi ya taso ka cire ɗaya ka jefa a jaka.

Shi takalmin kuma da nauyinka ake zaɓa haɗe da na jakar bayanka, mai jiki ya nemi mai tsawon inci 30, in ba haka ba nutsewa zai dinga yi. But ɗin ciki, wato takalmin ƙafarka da ake ɗaura faffaɗan a ƙarƙashinsa, kar ya matse, safa biyu a takalmi matsattse tana hana jini gudu ne, yatsu su daskare.

A riƙe sanduna biyu da tocilan goshi, don a Disamba kafin ƙarfe 5 duhu ya yi. Waya a sa ta aljihun ciki, sanyi na cinye batir.

Na gode.
Wani mai karatu daga Ottawa