Ka Ɗauki Kududdufin Bayan Gidanku Kafin a Cike Shi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da Umma, da amarya. Na san ka ƙullace ni. Wata uku ke nan da ka tambaye ni kuɗin kyamara a nan na yi shiru. Ka yi haƙuri, karatu ne ya sha kaina, ga kuma duhu. Yanzu a Helsinki, babban birnin Finlan, sai bayan ƙarfe tara rana ke fitowa, kafin huɗu ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba da alwala ɗaya nake yin su.

Zan zo kan maganar kyamarar, amma bari in fara da abin da ya tsaya min a rai.

Ranar Asabar sanyi ya kora ni cikin Oodi, babban ɗakin karatun da ke tsakiyar gari. A nan, cikin wani littafi, na ci karo da hotunan wani mai fasaha, Olafur Eliasson, wanda iyayensa 'yan Aislan ne amma a Danmak aka haife shi. A 1999 ya hau ƙaramin jirgi ya ɗauki duwatsun ƙanƙarar Aislan daga sama, wato tarin ƙanƙara mai kauri da ke gangarowa a hankali daga kan tsaunuka. Bayan shekara 20, a 2019, ya koma ya nemo wuraren nan ya sake ɗaukar su ta inda ya ɗauka da farko. Sai ya jera tsohon hoto kusa da sabo, har wuri 30. A na da, ƙanƙarar ta zubo daga kan dutse kamar harshen saniya, fari tas har cikin kwari. A na yanzu harshen ya janye, ya bar baƙar ƙasa da tsakuwa. Ba ka bukatar kowa ya yi maka bayani, idonka ne ke zirga-zirga tsakanin hotunan biyu har jikinka ya yi sanyi.

Mutanen can da gaske suke jin abin. Akwai wani dutsen ƙanƙara, Okjökull, da masana suka tabbatar ya mutu a 2014, don ya sirance har ya daina motsi. A watan Agusta na 2019 jama'a suka hau wurin suka kafa masa allon tunawa, kamar an yi rashin dattijo.

Ina zaune a wurin sai kududdufin bayan gidanku ya faɗo min. Ka tuna kainuwar da ke rufe shi, da ranar da ƙaninka ya zame ya dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya? Da na zo hutu bara, rabinsa ya zama shaguna, sauran kuma bola. Shi ne ke shanye ruwan unguwa da damina, yanzu ka fi ni sanin inda ruwan ke kwana. Kai kuma shekara goma kana riƙe da kyamara! Babu amaryar da ba ka ce wa ta ɗan karkato kai ba, ko ragon suna sai ka ɗauke shi ta gefe uku, amma na tabbata ba ka da hoton kududdufin nan ko ɗaya.

Af, da gaske ne ɗan gidan Liman ya sayar da keken ya buɗe shagon caji? Kuma wai an sa ranar ƙanwarka ba wanda ya gaya min, sai a bakin mai shayi na ji, shi ma don ya kira ni neman bashinsa na wajenka. Ka biya bawan Allah.

Akwai wani mai ɗaukar hoto kuma ɗan nan Finlan, Jorma Puranen, wanda aikinsa ya fi taɓa ni. A 1884 wani basaraken Faransa, Roland Bonaparte, ya je can arewa inda mutanen Sami suke, masu kiwon wata irin barewa kamar yadda Fulani ke kiwon shanu. Aka ɗauki hotunansu ta gaba da ta gefe don nazarin ƙirar jikinsu, aka kai Paris aka adana. Bayan fiye da shekara 100 Puranen ya sake fitar da fuskokin nan a kan faifai masu kama da gilashi, ya kai su ƙasar kakanninsu ya kakkafa cikin dusar ƙanƙara, sannan ya ɗauka. Kana kallon fuskar tsohuwa, kana hango tudu da itatuwa ta cikin goshinta. Wallahi na daɗe a kan shafin nan ina tunanin hotunan kakanninmu da Turawa suka tafi da su.

To ga abin da nake roƙon ka. Ka tsaya a gindin durumin nan na kusa da masallaci, da hantsi, ka ɗauki kududdufin yadda yake, har da bolar, kada ka kauce mata. Ka rubuta rana da wata. Baɗi war haka ka koma daidai wurin. Ka yi wa badala ma haka, tunda kullum ana yagar ta ana gini. Kuma ka wanke hotunan ka sa a akwati, kada ka bar su a waya yadda ka yi da na bikina. Kyamarar da ke hannunka ta isa wannan aikin.

Idan ka sami mai zuwa, ka ce Umma ta taimake ni da yaji da kuka, nawa saura na kwana biyu. Ka gaida 'yan majalisa duka.

Naka har kullum,
Abokinka